Yadda ake tafiyar kallon tsuntsaye da mota a Varanger lokacin ƙaurar kaka

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a kan ƙaurar tsuntsaye, domin ya san shamuwa tana sauka a kan itatuwan gari idan damina ta kawo jiki, ta kuma ɓace idan an shiga girbi. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, a daidai lokacin da shamuwa take barin mu, waɗansu baƙi suna kan hanyarsu ta zuwa cin rani a fadamun Haɗeja da Nguru da bakin Tafkin Chadi, kuma da yawansu an ƙyanƙyashe su ne a can ƙurewar arewacin Turai da Rasha. Wanda yake zaune a Turai ko ya sami halin zuwa, kuma yake son ya ga irin waɗannan tsuntsaye tun suna haramar tashi, zai yi wuya ya sami wurin da ya fi zirin Varanger dacewa. Yana lardin Finnmark na ƙasar Norwe, a kan digiri 70 arewa da layin da ya raba duniya biyu, kuma titi ɗaya ne ya bi bakin tekunsa daga farko har ƙarshe, ta yadda mai mota zai iya tsayawa duk inda ya ga dama ya ɗaga madubin hangen nesa.

Zaɓen lokaci

Kaka a can ba ta jiran watan Oktoba. Rana takan daina faɗuwa tun daga tsakiyar Mayu har zuwa ƙarshen Yuli, tsuntsaye su yi ƙwai su yi renon 'ya'ya cikin gaggawa, kuma da zarar dare ya fara dawowa sai kowa ya kama gabansa. A yawancin tsuntsayen bakin ruwa iyaye ne suke fara tafiya, su bar 'ya'yan bana su biyo baya su kaɗai ba tare da jagora ba. Saboda haka mafi kyawun lokaci shi ne daga tsakiyar Agusta zuwa makon farko na Satumba, lokacin da gaɓar teku take cike da 'ya'yan bana masu sabon gashi, waɗanda galibinsu ba su taɓa ganin ɗan Adam ba, shi ya sa ba su da saurin firgita. Sauro ma ya yi sauƙi a lokacin.

Sai dai a san abin da za a rasa. Tsibirin Hornøya da ke gaban garin Vardø, wanda hotunansa suka cika intanet da tsuntsun nan mai baki kala-kala da mutanen wurin suke kira lunde, ya kusa zama fayau a ƙarshen Agusta, domin masu sheƙa a duwatsunsa sun koma tsakiyar teku. Haka kuma agwagwar da ake kira stellerand, wadda take jawo masu kallo daga ko'ina, baƙuwar hunturu ce. Wanda burinsa ke nan ya zo a Maris ko Afrilu. Tafiyar kaka ta masu son ganin motsi ce, inda abin da aka gani da safe ba lalle a same shi da yamma ba.

Zan riƙa kawo sunayen tsuntsayen da harshen Norwe, saboda su ne a kan allunan da aka kafa a wuraren kallo, su ne kuma za a ji a bakin mutanen gari idan an tambaye su abin da ya sauka.

Shiga da hayar mota

Norwe tana cikin yankin bizar Shengen duk da cewa ba ta cikin Tarayyar Turai. Hanya mafi sauƙi ita ce a hau jirgi daga Oslo zuwa Kirkenes, tafiyar kusan awa biyu, a ɗauki motar haya a filin jirgi, a kama hanyar garin Vadsø mai nisan kusan kilomita 170. Waɗansu sukan sauka a Ivalo ta ƙasar Finlan su bi titin E75 ta Inari da Utsjoki, kuma wannan hanya tana da daɗinta saboda dajin da take ratsawa, amma dole a sanar da kamfanin haya cewa za a ƙetare iyaka da motar, a kuma tuna cewa agogon Finlan yana gaban na Norwe da awa ɗaya. A nemi mota tun da wuri, domin ba su da yawa a waɗannan ƙananan filayen jirgi, a kuma tambayi kamfanin ko zai karɓi lasin da ake da shi ko sai an haɗa da na ƙasa da ƙasa.

Ana tuƙi a hannun dama kamar a Nijeriya da Nijar. Doka ta ce fitilun gaba su kasance a kunne ko da rana tsaka, gudu kuma ba ya wuce kilomita 80 a awa a wajen gari da 50 a cikin gari, sai inda allo ya nuna wani abu dabam, kuma tarar wuce ƙa'ida tana da zafi ƙwarai. Babban haɗarin hanyar shi ne dabbar kiwon al'ummar Sami, 'yan asalin yankin, da ake kira rein, mai kama da gwanki, wadda takan tsaya a tsakiyar titi da garkenta ba ta damu da hon ba, sai kuma tumaki da suke kwanciya a kan kwalta don ɗumi. Idan tsautsayi ya sa an buge dabba, wajibi ne a sanar da 'yan sanda ta lamba 02800, ko a kira motar asibiti ta 113 idan akwai wanda ya ji rauni. Gidajen mai suna da tazara, don haka kada a bari tanki ya sauka ƙasa da rabi.

Abin da za a riƙe

Madubin hangen nesa na hannu mai lamba 8x42 ko 10x42 ya wadatar a daji da bakin hanya, amma a bakin teku sai an haɗa da babba mai tsayawa a kan ƙafa uku, kuma ƙafafun su zama masu nauyi, domin iskar Varanger tana girgiza marar nauyi har hoto ya riƙa rawa. Yanayin yakan tsaya a wajen digiri 10 ko ƙasa da haka, wanda a takarda bai fi sanyin hunturun Jos tsanani sosai ba, amma mutumin da ya tsaya cik na awa biyu yana fuskantar iskar Tekun Barents zai gane bambancin. A sa kaya hawa-hawa, na ulu a ciki, rigar ruwa mai tare iska a waje, da hular sanyi mai rufe kunne, da safar hannu siririya wadda ba za ta hana juya madubi ba. Filas na shayi yana ƙara wa mai kallo awa guda a wurin da ba don shi ba da ya tashi. Sanyi yana cinye batir, sai a ajiye na kyamara da waya a aljihun ciki.

A waya kuwa, abubuwa uku suke da muhimmanci: manhajar Yr ta hasashen yanayi, jadawalin cikowar teku da janyewarta, da shafin Artsobservasjoner ko eBird inda masu kallo suke rubuta abin da suka gani a ranar.

Teku da iska su ne masu tsara yini

Wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Kuskuren da baƙo yakan yi shi ne ya zana wurare goma a taswira ya ce zai zaga su a yini ɗaya, ya ƙare yana cikin mota daga safe har dare. Ni ma na yi shi. Ranar da na fara isa Nesseby, wani ƙauye a bakin teku, na tarar teku ta janye, laka ta miƙe har iya ganin ido, tsuntsayen kuma sun zama ɗige-ɗige can nesa, na yi minti ashirin na ce ba komai a wurin na wuce. Kashegari na koma wurin awa biyu kafin ruwa ya cika, na zauna a kan dutse na daina motsi, sai ruwan ya riƙa koro su zuwa gare ni a hankali har na ajiye babban madubin saboda sun yi kusa da yawa.

Teku tana cikowa sau biyu a yini, kuma lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50 kowace rana. Kowane dare a duba jadawali, a ware awa biyu kafin cikowa da awa ɗaya bayanta don bakin laka, sauran lokacin kuma a yi tuƙi, ko cin abinci, ko duba kurmi. Sai a duba iska. Mashigin tekun Varanger bakinsa gabas yake kallo, don haka idan iska mai ƙarfi ta taso daga gabas, musamman da hazo ko yayyafi, takan tura tsuntsayen tsakiyar teku zuwa cikin mashigin har su ƙure a wajen Nesseby. Ranar da kowa yake cewa gari ya ɓaci, ita ce ranar da mai kallo yake fitowa tun da asuba. Idan kuwa gari ya yi garau da dare, iska tana busowa daga arewa, a sa ran da yawa daga cikin waɗanda aka gani jiya sun tashi.

Akwai kuma batun agogo. Vardø ya fi Santambul nisa ta gabas, amma yana bin agogon Oslo, saboda haka a ƙarshen Agusta rana takan fito tun kafin ƙarfe huɗu na asuba. Wanda ya jira karin kumallon otal na ƙarfe bakwai ya riga ya yi asarar awa uku mafi albarka.

Daga Varangerbotn zuwa Hamningberg

Hanyar yawon buɗe ido ta Varanger kilomita 160 ce, daga Varangerbotn zuwa Hamningberg, kuma ana iya gama ta cikin 'yan awoyi, amma shawarata a ba ta kwana biyar aƙalla, a yi masauki biyu kacal, ɗaya a Vadsø ko kusa da shi, ɗaya a Vardø.

A Varangerbotn, inda mashigin ya ƙare, akwai laka mai faɗi da rumfunan kallo na katako a bayan gidan tarihin Sami. Daga nan sai Nesseby, wani ɗan tsiri da farin coci na katako a kansa, wanda aka gina a 1858 kuma ya tsira lokacin da sojojin Jamus suka ƙone yawancin Finnmark a 1944. A ajiye mota a filin cocin a taka zuwa ƙaramin tafkin da ke bayansa. A nan ne ya kamata a nemi brushane, tsuntsun da ya fi kowanne haɗa wannan wuri da ƙasarmu. A bazara namijinsa yakan yi wani tulin gashi a wuya kamar mai naɗin sarauta, amma a kaka duk wannan ado ya zube, kuma galibin waɗanda za a gani 'ya'yan bana ne. Alamarsu ƙaramin kai a kan jiki mai ɗan tumbi, baki matsakaici mai ɗan lanƙwasa ƙasa, ƙirji mai launin ƙasa-ƙasa kamar garin ƙuli-ƙuli, da gashin baya baƙi-baƙi wanda kowane ɗaya an zagaye shi da fari-fari kamar ɓawon kifi. Idan aka ga biyu tare, ɗaya ya fi ɗaya girma sosai, kada a ɗauka iri biyu ne, babban namiji ne, ƙaramar mace. Irinsu ne suke sauka dubbai a gonakin shinkafa na fadamun Haɗeja da Nguru bayan ruwa ya ja, suna tsintar abin da ya zube, kuma mata sun fi maza yawa a Afirka domin su suka fi yin nisa.

Tare da su za a ga dvergsnipe, ɗan ƙarami kamar gwara, mai tsintar abinci da sauri kamar keken ɗinki, wanda shi ma yakan kai bakin Tafkin Chadi, da myrsnipe mai ɗan dogon baki, da lappspove mai baki kamar tsinke wanda ya ɗan ɗaga sama. A kan duwatsu da shingaye kuma akwai steinskvett, wanda farin gindinsa yake walƙiya idan ya tashi, shi ma ɗan cin rani ne a kudu da Sahara. Idan duk garken ya tashi fir lokaci guda ba dalili, a ɗaga kai sama, domin galibi shaho ne ko havørn, babbar mikiyar teku wadda faɗin fikafikanta yakan haura mita biyu.

A Vadsø a ƙetara gada zuwa tsibirin Vadsøya, inda har yanzu dogon ƙarfen da aka ɗaure jirgin balan-balan na Amundsen, ɗan Norwe mai binciken ƙuryoyin duniya masu ƙanƙara, a 1926 yake tsaye. Kusa da shi akwai tafki inda svømmesnipe yake juyi a kan ruwa kamar katantanwa don ya taso da ƙwari. A wannan irin, mace ce take yin ƙwai ta bar wa namiji kwanci, kuma hunturunsu a Tekun Larabawa suke yin sa. Sukan tashi da wuri, don haka wanda ya zo a Satumba sai ya yi sa'a. Ekkerøy, kilomita 15 gaba, yana da dutsen da fararen tsuntsayen tekun da ake kira krykkje suke sheƙa, kuma a nan murar tsuntsaye ta kashe dubbai a damina ta 2023. Duk tsuntsun da aka gani matacce ko yana layi, kada a taɓa shi. A Ekkerøy da ƙauyukan da ke gaba, irin su Skallelv da Kiberg, a duba tarin ruɓaɓɓiyar ciyawar teku da ruwa ya turo gaɓa. Warinta ba daɗi, amma tana cike da tsutsa, kuma tsuntsaye sun san haka.

Vardø yana kan tsibiri, ana shigarsa ta hanyar ƙarƙashin teku mai tsawon kusan kilomita 3 wadda aka buɗe a 1982, ta farko irinta a Norwe. Akwai rumfunan kare iska a bakin gaɓa da aka gina musamman don masu kallo, kuma daga cikinsu ake zama a ƙura wa teku ido. Kallon teku sai da haƙuri. A saita babban madubin a wuri ɗaya ƙasa kaɗan da inda sama ta haɗu da ruwa, a bar tsuntsaye su riƙa ratsawa, maimakon a yi ta lilo da shi hagu da dama. Za a ga havsule fari tas yana faɗawa ruwa kamar mashi, da havhest mai shawagi dab da igiyar ruwa ba ya kaɗa fiffike, da tyvjo, ɗan fashin da yake bin ƙananan tsuntsaye har sai sun saki kifin da suka kama. Garin yana da na'urorin soja, kada a juya kyamara wajensu.

Titin Hamningberg, kusan kilomita 40 daga Vardø, siriri ne mai ɗaukar mota ɗaya, yana bi ta tsakanin baƙaƙen duwatsu masu kaifi, kuma ana rufe shi da hunturu. Allo mai shuɗi da harafin M yana nuna wurin da motoci biyu suke kauce wa juna. Ba wurin ajiye mota ba ne, komai kyan abin da aka hango. Ƙauyen kansa tsohon garin masunta ne da aka watse aka bari, ba kanti ba gidan mai, don haka a tafi da guzuri.

Idan akwai sauran kwanaki

Bakin kogin Tana, ta titi mai lamba 890, ya cancanci yini guda, musamman a Satumba, lokacin da mazan agwagwar laksand daga sassan Turai suke taruwa dubun dubata suna sake gashi suna cin ƙananan kifi. A Valdak kusa da Lakselv ne dverggås, wata ƙaramar dinya da ta kusa ƙarewa a Turai, take yada zango kafin ta nufi Girka, kuma an hana shiga fadamar a lokacin, sai dai a kalla daga tudun da ke sama. Kwarin Pasvik kuwa, kudu da Kirkenes, daji ne na masu zama duk shekara, irin su lavskrike, ɗan ƙaramin dangin hankaka, wanda yakan zo har kusa da mai cin guzuri. Yana kan iyakar Rasha, inda turakun Norwe rawaya ne, na Rasha kuma ja da kore, kuma ƙetare su ko da taku ɗaya babban laifi ne. A kashe yawon layin waya, wato roaming, a wurin don kada ta kama na Rasha. Daga 10 ga Satumba ake buɗe farautar makwarwar tsauni, sai a sa tufafi mai haske idan za a hau tudu.

Salla, abinci da kwana

Alƙibla a Varanger kudu take, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas, kuma wanda ya saba fuskantar gabas tun yana yaro sai ya riƙa tuna wa kansa. A watan Agusta rana tana faɗuwa, amma jan shafaƙi ba ya gushewa gaba ɗaya kafin gari ya sake wayewa, don haka manhajojin salla sukan ba da lokutan Isha da Asuba masu saɓani. A tambayi malami tun kafin a tashi a kan yadda ake ƙaddara su, da kuma hukuncin ƙasaru da haɗa salloli ga matafiyi.

Abincin gidan cin abinci yana da tsada ƙwarai. Ya fi sauƙi a kama ɗakin katako mai kicin, irin wanda suke kira hytte, a sayi kifi da dankali da burodi a dafa da kai, kuma ɗan ƙullin yaji daga gida yana gyara komai. Yawancin manyan kantuna ba sa buɗewa ranar Lahadi, sai a yi cefane tun Asabar. Kuɗinsu kurona ne, amma kati ake karɓa kusan ko'ina. Mai son kwana a tanti yana da dama a ƙarƙashin dokar 1957 da ta ba kowa izinin shiga dajin da ba a noma ba, muddin ya yi nisan mita 150 daga gidan da ake zaune kuma bai wuce kwana biyu a wuri ɗaya ba, amma dokar ba ta ba mota izinin sauka daga titi ba. Wanda ya leƙa waje da tsakar dare a farkon Satumba, idan babu gajimare, yana iya dacewa da koren hasken nan da yake rawa a sararin samaniyar arewa.

Yadda ake tsayawa kusa da tsuntsu

Tsuntsun da yake kiwo a bakin laka kitse yake tarawa, kuma da wannan kitse zai ƙetare teku da hamada. Duk lokacin da aka tashe shi, an rage masa guzuri. Alamar an matsa da yawa ita ce ya daina ci ya miƙe wuya, to a nan sai a tsaya, a durƙusa, ko a ja da baya. Mota kanta maɓoya ce mai kyau, domin tsuntsaye ba sa tsoronta kamar yadda suke tsoron mutum a tsaye, sai a kashe inji, a sauke gilashi, a ɗora madubi a kan jakar wake ko naɗaɗɗiyar riga. Idan an tarar da wani yana kallo, a matso a hankali ta bayansa, a yi magana ƙasa-ƙasa, kuma kada a bi ta tsakaninsa da ruwa.

A riƙa duba ƙafafu. Masu bincike sukan sa wa waɗansu tsuntsaye zobba masu launi ko 'yar tuta mai haruffa, kuma wanda ya ga irin wannan sai ya rubuta launukan daga sama zuwa ƙasa, ƙafar hagu dabam ta dama dabam, da wuri da kwanan wata, ya ɗauki hoto idan ya samu, ya aika wa cibiyar sa zobe ta ƙasar. Sau da yawa sukan maido da amsa mai ɗauke da tarihin tsuntsun, inda aka kama shi da wuraren da aka taɓa ganinsa. Wanda kuma zai koma gida a Disamba ko Janairu, ya tafi da littafin da ya yi rubutu a ciki zuwa fadamar Dagona a jihar Yobe ko Tafkin Nguru, ya nemi brushane a bakin gonakin shinkafa da sassafe. A lokacin launin ƙuli-ƙulin nan ya koɗe ya koma toka-toka, sai a gane shi ta ƙaramin kan da gashin bayan da iska take ɗagawa idan ya sunkuya kiwo.